Faifan Kakata

Ranar da zan taho makarantar kwana, kakata, wadda muke kira Iya, ta cusa mini faifai a akwati, wai in riƙa rufe kwanon abincina. Kunya ta sa na tura shi ƙarƙashin katifa, don kada 'yan ɗakinmu su ce mini 'yar ƙauye. Nan ya shekara biyu.

Bana, ranar duba ɗakuna, malamarmu ta zane ta ci karo da shi. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta tafi da shi aji, ta rataye a bango, ta ce kowa ta zana. Har aka buga ƙararrawa ba wadda ta fitar da adonsa daidai, ga mu da rula da fensir.

Iya kuwa ba ta san rula ba. Takan tsaga kabar goriba siri-siri, ta rina wata ja da karan dafi, wata da galura, ta jiƙa, sannan ta ɗauki basilla ta fara daga cibiya tana zagayawa. Lissafin duk a ka yake. In ta ɓata ƙirga a zagaye guda, adon ya karkace ke nan, sai warwara.

Malama ta ce a 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya don haɗa fasahar gida da ta Turawa. Ta kuma nuna mana hoton aikin El Anatsui, mutumin Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka. Marafen kwalabe yake haɗawa da wayar jan ƙarfe, su zama kamar makekiyar tabarma, har aka ba shi babbar lambar yabo a Italiya a 2015.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne suna. Shi duniya ta san shi. Ladi Kwali mai tukwane ma ga hotonta a takardar naira ashirin. Amma faya-fayen da ake ƙawata bangon otal-otal da su, wa ya taɓa tambayar hannun da ya ɗinka? Dillali yakan saya wurin irin su Iya a kan kuɗin goro.

Da hutu na roƙe ta ta koya mini. Ta yi dariya ta ce, "Ke da biro ya lalata wa yatsu?" Idonta ya soma rauni, kuma cikin jikokinta ba wadda ta iya. Na farkon da na yi ya fito a lanƙwashe kamar kunnen akuya. Ta ce kada in yar, zai yi rufin tulu.

Nata har yanzu yana bangon ajinmu. Na liƙa 'yar takarda a ƙarƙashinsa, da sunanta da na garinmu.