Asirin Kududdufin Bayan Gari

Sa'ad da aka rarraba mu ƙauyuka domin gwajin koyarwa, mu huɗu aka aike mu wani gari mai babban kududdufi a bayansa. Ba mu yi mako biyu ba sai muka lura da abin da ya tayar mana da hankali, watau yara maza da yawa na makarantar suna fitsarin jini, amma ba wanda ya ɗauki abin a kan ciwo. Da muka tambaya, wani dattijo ya ce zafin rana ne, wani ya ce alamar balaga ce. Sunan abin dai kowa ya sani, tsargiya, amma kan mafarinta bakin kowa daban.

A daren nan gardama ta kaure tsakaninmu, har ɗayanmu ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya yi ta yana yaro, ya ɓoye don kunya. Jikinmu ya yi sanyi. Muka ga gardama ba za ta kai mu ko'ina ba, gwamma mu bi hanyar da malaminmu na kimiyya ya koya mana, a duba, a rubuta, a gwada, sa'an nan a buɗe baki.

Da fari muka riƙa kiran yaran ɗai ɗai a keɓe, muna rubuta inda kowa ke wanka da inda yake wuni. Sai ga shi yaran da ke wuni cikin rana a kasuwa, suna wanka da ruwan rijiya, yawancinsu lafiya lau, masu ninƙaya a kududdufi kuwa su ne abin ya fi kamawa. Ke nan maganar rana ta faɗi. Muka roƙi malamin asibiti, ya ce a kawo fitsarin tsakar rana, ya sa a madubin likita. Da idonmu muka ga ƙwai, kowane da tsini a gindinsa kamar ƙaya.

To, me ya gama ƙwan da ke cikin mutum da ruwan kududdufi? Muka rubuta wa malaminmu. Ya amsa cewa wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alkahira cikin 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta cikin katantanwar ruwa take bi ta kai ga mutum. Ya ce kada mu gaskata don ya faɗa, mu je mu gani, amma kada ruwan ya taɓa fatarmu.

Muka ɗaura ludayi a kan gora, muka yi ta kwaso katantanwa daga ƙarƙashin ganyen bado, yara na binmu da dariya, wai malamai sun koma su. Muka sa kowace cikin kofin gilashi da ruwa mai tsabta, muka jera a hasken rana. Ranar fari ba mu ga kome ba, ta biyu ma haka, har muka soma zargin kanmu. A ta uku, wajen azahar, ruwan kofi guda ya cika da waɗansu 'yan abubuwa kamar ƙura, suna motsi. Da muka duba a madubi, ga su nan da wutsiya mai baki biyu, suna iyo. Lalle gani ya kori ji.

Ga yadda al'amarin yake. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga katantanwa ya hayayyafa. Bayan kamar wata guda 'ya'yan su fito, su huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, su girma su zauna a jijiyoyin jini na mafitsara shekara da shekaru suna ƙwai. Ƙwan nan ne ke yi wa mafitsara rauni, in aka ƙyale ya kan lalata ƙoda, kuma mata ma ba su tsira ba. Maganinta, praziquantel, ƙwaya ce da ake sha gwargwadon nauyin mutum, amma wanda ya koma ruwan zai sake kamuwa.

Abin da ya fi yi mana wuya shi ne faɗa wa manya, gama mu yara ne, kuma baƙi. Muka ɗauki kofin muka kai wa Liman, muka durƙusa muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da muka gani." Ya duba ya daɗe, sa'an nan ya tuna mana abin da muka karanta tun a zaure, cewa shari'a ta hana fitsari cikin ruwan da ba ya gudu. Kunya ta kama mu, don mun haddace hukuncin amma ba mu taɓa tunanin wannan fa'ida tasa ba. Ran Juma'a ya yi wa jama'a bayani, aka soma kai yara asibiti.

Ba mu ce mun kori tsargiya daga garin ba. Kududdufi yana nan, da bazara kuwa yaro sai ya nemi sanyi. Amma 'yan'uwa, gobe mu ne za a ba amanar 'ya'yan mutane, in mun ga abin da ba mu gane ba, kada mu tsaya ga "an ce". Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.