Sabuwar Bindiga Mai Sauya Wurin Harbi

Duk wanda ya sayi sabon abu yakan sa rai ya yi masa aiki sosai tun daga ranar farko. In agogo ne ya ba da lokaci daidai, in keke ne ya yi gudu, in kuwa bindiga ce ta sami inda aka auna. To, akwai wata irin bindiga da ba ta cika bin wannan ƙa'ida ba, ita ce bindigar iska mai sifirin. A kanta nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin abin da na gani da idona.

Da farko ya kamata mu san yadda take aiki. Ita ba ta da albarushi. In aka karya ta daga tsakiya, sai wani ƙaƙƙarfan sifirin da ke cikinta ya takure. Da an ja kunama sai sifirin ya saki, ya ingiza fistin gaba da ƙarfi, fistin ya matse iska, iska kuma ta kori ɗan harsashin dalma ta cikin bututu. Harsashin nan iri biyu aka fi samu, mai faɗin milimita 4.5 da mai 5.5. Nauyin ƙaramin bai fi kamar rabin giram ba. Abin lura shi ne bindigar takan zabura baya, ta kuma zabura gaba, tun harsashi bai gama fita daga bututu ba. Nan ne gizo ke saƙar.

A kakar 2024 gafiyoyi da ɓeraye suka addabi rumbunan gidanmu, sai kawuna ya nemi lasin, domin dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda ba a riƙewa sai da izini. Ya sayo sabuwa dal, mai madubin hange a bisanta, a kantin wani abokinsa tun na ƙuruciya. Ranar farko ya saita ta, ta yi ta huda tsakiyar kwali. Kashegari sai ta koma bugun hagu. Ya murɗa saiti ya gyara. Bayan kwana biyu kuma ta gangara ƙasa, har ranar nan ya auna gafiya ya fasa tulun Goggo. Wasu suka ce an yi wa bindigar asiri. Shi kuwa Kawu ya rantse jabu aka sayar masa, har suka daina gaisawa da mai kanti. Babanmu kuma ya ce bindigar da ba a san inda za ta buga ba, ba ta zama a gida mai yara da awaki.

Da na zo hutu na ji wannan, sai na tuna da abin da malaminmu na kimiyya yake yawan faɗa, cewa in kana neman dalilin abu, kada ka taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. Na durƙusa na ce, "Kawu, in ka yarda mu bar saitin nan yadda yake, mu bi sauran sassan ɗaya bayan ɗaya." Ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko, bismilla."

Muka tafi bayan gari inda ba mai wucewa, muka kafa kwali a jikin wata ganuwar ƙasa, muka auna mita 10. Kawu ke harbi, ni ke rubutu. Kowane kwali harbi biyar, in rubuta rana da abin da muka sauya.

Muka fara da notunan da suka haɗa ƙarfen bindiga da icenta. Guda uku ne, biyu a gaba, ɗaya wajen kunama. Ashe girgizar sifirin ta sassauta na gaban nan biyu, ƙarfe yana ɗan motsi a cikin ice. Muka ɗaure su da sukundireba daidai wa daida. Nan take hudojin suka fara matsowa kusa da juna.

Na biyu, mun lura wani sa'i bindigar takan yi ƙara mai kaifi, hayaƙi ya fito da ƙaurin mai, harsashin kuma ya kauce wa 'yan'uwansa. Wanda ya taɓa buga famfon keke ya san iska in ta matsu takan yi zafi. A cikin bindigar nan zafin yakan kai ya kunna man da aka shafa mata a masana'anta, kamar dai yadda injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar a 1897 yake kunna mansa ba tare da fulogi ba. Maganinsa haƙuri. Muka share bututu da tsumma mai tsabta, ba mu ƙara mata mai ba, aka ci gaba da harbin kwali. Kafin gwangwani ɗaya mai harsashi 500 ya ƙare, hayaƙin ya ɗauke.

Na uku shi ne madubin hange. Na ja layi da fensir a inda ƙafarsa ta tsaya. Bayan harbi 50 sai ga ƙafar ta ja baya ta bar layin. Muka mai da shi, muka zura ɗan ƙarfen da aka yi domin tsai da shi cikin raminsa, muka ɗaure.

Na huɗu ya fi ba Kawu mamaki. Shi ya saba da bindigar toka, wadda ake ƙanƙamewa a kafaɗa. Wani sa'i kuma yakan ɗora wannan a kan turmi. Muka gwada duka, kowane riƙo da wurin da yake kai harsashi. Da ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora ta a kai sakwa-sakwa, a wuri ɗaya kullum, ya bar ta ta yi zaburarta, sai ga huda biyar da murfin kwalba zai rufe su.

Daga ƙarshe muka ware harsasan da gindinsu ya lanƙwashe, muka tsaya kan iri ɗaya. Muka duba zoben robar da ke inda bindigar ke karyewa, muka tarar lafiya lau yake. Sai a sannan Kawu ya taɓa saiti, sau ɗaya tak, har yau kuwa bai sake ba. Ran Juma'a da kansa ya tafi kanti da goro, suka shirya da abokinsa.

Abin da na ɗauka a nan shi ne, saiti ba ya warkar da ciwon da ba nasa ba. In tushen abu yana rawa, kome gyaran da aka yi a sama gobe zai rushe. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma sai an bi shi sannu, ana rubutawa.

Ina kuma roƙon iyayenmu kada su ɗauki bindigar iska abin wasan yara. Tana tsiyaye ido, tana kuma iya kisa. A ajiye ta a kulle, kada a bar ta a ɗane, kada a harba ta babu harsashi domin yana lalata fistin, kada kuma a nuna mutum da ita ko da wasa. Allah ya kiyashe mu, amin.

Haza wasalam.