Yawun Ƙanena

Ran Lahadi kasuwar Illela ke ci, ran Lahadi kuma ƙanena ya fara faɗuwa, a bakin kara, kusa da shanun da aka koro daga Ƙonni. Jama'a suka dare. Wani dattijo ya daka mini tsawa kada in taɓa shi, wai duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa ya ɗauka. Shekarata goma sha huɗu. Na tsaya ina kallo har ya farfaɗo, bakinsa duk ƙasa. Tsayuwar nan tana cina har yau.

A gida aka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu.

Sai da na shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina karatun yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, na ji wani bayani. Malaminmu ya zana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a allo, ya ce da ɗan lantarki suke aika wa juna saƙo, kuma idan tarinsu suka yunƙura lokaci guda babu tsari, sai jiki ya kama jijjiga. Yawu ba ya ɗauke da komai. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan bakwai cikin goma na masu ciwon suna iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai.

Na ci jarrabawa, amma a gaban Inna bakina ya mutu, domin da Turanci na haddace komai. A lokacin ne na karanta labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya zaunar da masu taɓin hankali cikin ƙauyen Aro na Abeokuta tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Na gane cewa da lalama ilimi ke shiga gida.

Na ce, "Inna, a ci gaba da addu'a, amma mu gwada Kware." Asibitin ƙwaƙwalwar da muke wucewa kullum a hanyar Sakkwato ke nan. Ta yi shiru na kwana biyu, sannan ta ɗauko mayafi.

Bara ya sake faɗuwa, sau ɗaya, a tsakar gida. Na durƙusa, na juya shi gefe, na share masa baki da tafin hannuna. Inna ta daɗe tana duban hannun. Sai ta matso, ta tallafi kansa.