Kalmar da Na Haɗiye a Minawawo

Ranar da na gaya wa Inna zan tafi Kamaru aikin sa-kai, ba nisan wurin ta fara tambaya ba, ba kuma Boko Haram ba. Cewa ta yi, "Su wa ke da aikin?" Na ce wata ƙungiyar agaji ce. Ta ce, "Ta su wa?" Na yi ta kewaye-kewaye irin namu na 'yan rediyo, har dai na fito fili na ce ta Kiristoci ce. Ta ajiye faifan da ke hannunta, ta dube ni ta ce, "Duk aikin Allah da ke Damagaram bai ishe ka ba?"

Ƙarar tawa ta kai wa Kawu, wanda shi ne malamin gidanmu. Ya tambaye ni abin da zan riƙa yi, na ce tafinta, tsakanin ma'aikatan da Faransanci suke ji da 'yan gudun hijirar Najeriya da Hausa suke ji. Ya ce, "Za su hana ka salla?" Na ce a'a. Ya juya wajen Inna ya ce, "Yaya, ki bar shi. Kurma biyu zai je ya haɗa." Ba ta gamsu ba, amma ta ƙulla mini kilishi da sabuwar darduma, ta sa dardumar a saman kayan, yadda duk wanda ya buɗe jakar ita zai fara gani.

Wani abokina da muka yi karatun jarida tare a IFTIC ta Yamai ne ya yi mini hanya. Babu albashi, sai kuɗin abinci da ɗakin kwana. Gidan rediyonmu ya ba ni hutun wata takwas ba biya. A farkon 2018 na bi ta Kano da Yola, na tsallaka Garwa, na wuce Marwa, daga nan sai Mokolo. Baƙuntar ta fara kama ni ne a wurin mai shayi, da na miƙa masa jika guda ta sefarmu ya juya ta ya maido mini. Sunan kuɗin ɗaya, darajarsu ɗaya, amma tamu ta Afirka ta Yamma ce, tasu ta Afirka ta Tsakiya. A kasuwa kuma Fulatanci ne ke mulki. Ni da nake taƙama da baki, na koma mai nuna tumatir da yatsa.

A Mokolo muke kwana, cikin duwatsun Mandara, inda Mafawa suka sassaƙa gonaki hawa-hawa a jikin dutse. Kullum da safe mota ta ɗauke mu ta Zamai zuwa sansanin. An buɗe Minawawo a 2013, kuma lokacin da na je mutanen da ke ciki sun haura dubu hamsin, akasarinsu daga Borno: Gwoza da ƙauyukan bayan dutse, Banki, Bama. Akwai masallatai, akwai coci-coci, har da na 'yan EYN da suka gudo da fastocinsu. Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci tantuna ne jere. Gari ne sosai, da kasuwarsa da telolinsa da masu cajin waya, sai dai gari ne da ya cinye dajin da ke kewaye da shi. Mata kan yi tafiyar sa'o'i neman itace, su yi ta rigima da mutanen ƙauyukan da suka tarar. Shi ya sa babban aikinmu ya zama dashen itatuwa da koya wa mata yin gawayi daga ɓawon gyaɗa da kara. Akwai wata tukunyar kwali da ake binnewa kewaye da dashe, a cika ta da ruwa, ta riƙa shayar da saiwar a hankali har itacen ya kama. Na yi ta nadar sanarwa a kan wannan tukunya, ana yawo da ita a lasifika, har yara suka laƙaba mini Mai Tukunya.

Abin da Inna take tsoro kuwa, ga yadda na same shi. Ranar Litinin da safe ma'aikata kan taru a ofis su yi waƙa, su karanta Littafi Mai Tsarki, su yi addu'a. Ba a tilasta wa kowa. Mu Musulmi, ni da direbobi biyu Fulani da wani mai kula da sito, mukan zauna a gindin dogon yaro muna shan shayi har su gama. Sau ɗaya wani matashi ɗan sa-kai ya ajiye mini Littafi Mai Tsarki na Hausa a kan tebur. Shugabar sashenmu ta gani, ta kira shi gefe, bai sake ba. Ban taɓa ganin an haɗa buhu ko dashe da wa'azi ba. Ban ce ba a yi a ko'ina a duniya ba, abin da idona ya gani nake faɗa. Da azumi ya kama a tsakiyar watan Mayu, mai dafa mana abinci, wata Bamafiya mai zuwa coci sau uku a mako, ta koma tashi ƙarfe uku na dare saboda mu huɗu. Kununta bai kai na Inna ba, amma ban taɓa faɗa mata ba.

Jarrabawar ta zo mini ta inda ban tsammata ba.

A wata na uku aka haɗa ni da wata ma'aikaciya 'yar kudancin Kamaru, mai sauraron matan da suka rasa mazajensu, don a san irin taimakon da ya dace da kowace. Wata safiya muka shiga wurin wata tsohuwa daga bayan dutsen Gwoza, ungozoma ce a garinsu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Yaro, me sunanka?" Na faɗa mata. Sunan Annabi ne. Ta dubi goshina, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta gyara zama ta fara.

Ta ce a daminar 2014 ne. Ta ce, "Musulmi suka zo da safe." Na juya na ce wa abokiyar aikina, da Faransanci, 'yan bindiga sun zo da safe. Ta ce, "Musulmi suka fitar da maza daga coci." Na ce maharan sun fitar da maza. Ta ce wanda ya nuna musu gidansu yaron unguwa ne, Musulmi, ita ta yanke masa cibiya da hannunta. Na ce wani matashin unguwa ne. Ban tsaya na yi shawara da zuciyata ba. Bakina ne ya yi aikin da ya saba.

Sai ta ɗaga hannu. Ta ce, "Dakata, ɗana. Ban ji Faransanci, amma kalmar nan iri ɗaya ce a bakinsu da namu. Sau uku na faɗe ta, ban ji ta fito daga bakinka ba ko sau ɗaya. Ina kake kai ta?"

Na shekara bakwai ina magana a gaban makirfo, ban taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar. Na fara cewa, "Mama, ai waɗannan ba Musulmin gaskiya ba ne, mu ma suna kashe mu." Ta ce, "Na sani. Ni za ka gaya wa? Amma bakina aka ce ka ara mini, ba naka ba. In ka gama da nawa sai ka faɗi naka."

Abokiyar aikina tana ta kallonmu, ba ta san me ake ciki ba. Dole na fassara mata wannan ma, wato na kai ƙarar kaina da bakina. Ta rufe littafinta ta ce mu koma farko.

Muka koma. Na faɗi kalmar duk inda tsohuwar ta faɗe ta, kowace tana fita kamar ana zare mini ƙaya. Sai labarin ya kai inda ban bari ya kai ba da farko. Bayan an kashe mijinta, ita da jikoki biyu sun kwana uku a cikin rumbun wani maƙwabci, yana zuro musu ruwa da dare, shi ya kuma bi da su ta dutse har suka tsallaka iyaka. Ta ce, "Shi ma Musulmi ne. Wannan ma ka faɗa mata." Da ta bar ni na ci gaba yadda na fara, da abin da zai shiga littafin shi ne 'yan bindiga sun kashe, wani maƙwabci ya taimaka. Da ta rasa abin da ta shekara huɗu tana juyawa a ranta, cewa mutum biyu masu fuskantar alƙibla ɗaya, ɗaya ya nuna ƙofarta, ɗaya ya ɓoye ta a cikin dawarsa.

Daren nan ban yi barci ba, kuma ba Gwoza nake tunani ba, Damagaram nake tunani. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe. Aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, washegari wutar ta kama a Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu a biranen biyu. Ni ke kan aiki da yammacin ranar. Na san abin da aka ƙona, na ga hayaƙin da idona, na san wasu daga cikin iyalan da suka kwana a barikin soja. Abin da na karanta shi ne, "wasu fusatattun matasa sun lalata wasu gine-gine." Har yaba mini aka yi, aka ce na nuna dattaku.

Ba zan ce duk kuskure ne ba, kuma a nan nake rabuwa da abokaina masu cewa ɗan jarida ya faɗi komai ko sama za ta faɗo. Wanda ya taɓa zama a ɗakin watsa labarai gari yana ci da wuta ya san kalma ɗaya tana iya ƙara gawa goma. A daren, wataƙila "wasu gine-gine" ita ce daidai. To amma wuta ta mutu, mako ya wuce, shekara ta wuce, ban taɓa komawa na kira abin da sunansa ba. A Minawawo kuwa babu taron da zan ce ina tsoron tunzurawa. Mu uku ne a ɗaki, da tabarma da buta. Kaina kawai nake karewa.

Ba a yi wata guda ba abin ya juyo ta ɗaya gefen. Wani dattijo daga Banki ya tare mu a wurin rabon dashe, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, gaya mata arna sun cika takarda da sunayen 'yan'uwansu, mu an bar mu." Shugabar sashenmu ce a tsaye, da ɗan gicciyenta a wuya. Na ji bakina yana shirin cewa wasu suna ƙorafi a kan jerin sunaye. Na tsaya. Na ce masa, "Baba, yadda ka faɗa zan faɗa, har da kalmar." Ya ce, "Faɗa mana!" Na faɗa. Fuskarta ta canza kaɗan, ta ce a kawo takardar. Aka duba, sai ga shi an tsallake layi biyu na unguwarsu. Ko ganganci ne ko kuskuren mai rubutu, ba a tantance ba, amma an gyara a ranar. A mota ta tambaye ni ainihin nauyin kalmar a Hausa. Na gaya mata ba ta da daɗi. Ta ce gara da ta ji, don da na tace mata, da ta ɗauka ƙorafin yau da kullum ne ta ce a duba mako mai zuwa.

Kafin in taho na je sallama wurin tsohuwar. Tun a watan Maris na 2017 Najeriya da Kamaru da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da masu son komawa gida, kuma zancen komawa shi ne hirar kowace rumfa. Na tambaye ta ko za ta koma. Ta nuna mini zogalen da ta dasa a bayan ɗaki, ya fi ta tsawo. Ta ce, "Wa zan tarar?" Ta ba ni gyaɗa cikin leda ta ce in kai wa mahaifiyata, in ce mata ɗanta yana da kunya, amma yana jin magana.

Na isar da saƙon yadda aka ba ni, ban rage komai ba. Inna ta buɗe jakata, ta ciro dardumar, ta duba inda goshi ke sauka ta ga ya koɗe, ta ninke ta ba ta ce uffan ba.

A Janairun 2019 na nemi a ba ni rabin sa'a in gayyaci wani fasto da wani limami su tuna ranar. Shugabana ya yi jim, ya ce in kawo rubutun gabatarwar ya gani tukuna. Na rubuta "coci-cocin da aka ƙona a garin nan". Ya ja layi a ƙarƙashi, ya riƙe takardar kwana biyu, sannan ya maido mini ba tare da ya goge ba. Da aka buɗe layin waya, mutum na farko ya zage ni, ya ce an saye ni a Kamaru. Na biyu wata mata ce daga Sabon Gari, ta ce ita dai tana saurare, sai ta yi shiru, muna jin numfashinta, har mai kula da na'ura ya yi mini alama in katse. Na ɗaga masa hannu na ce ya bar ta.