Ƙaramin janaretan gidanmu ne ya fitar da ni kunya

1/ Jama'a, shekara nawa ina tsine wa ƙaramin janaretan gidanmu. Jiya a Manitoba ta Kanada na janye tsinuwar.

2/ Abokin karatuna ya kai ni kamun kifi kan tafkin da ya daskare. Muka hau tsohon Ski-Doo Elan na kakansa, wato babur ɗin dusar ƙanƙara.

3/ Da za mu dawo, inji ya ce bai san zance ba. Muka yi ta jan igiya. Rana na faɗuwa, ba sabis, yatsuna sun fara sandarewa. Wallahi na tsorata.

4/ Na ɗaga murfi, sai ga injin Rotax mai silinda ɗaya, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Ɗan uwan janaretanmu! Ƙa'idar Baba uku ce: wuta, matsin iska, mai.

5/ Na kwance fulogi, na jingina shi da jikin inji, aka ja: wuta shuɗiya. Na toshe raminsa da yatsa, iska ta ture shi. Amma fulogin a bushe ƙamas duk da jan da muka sha. Ke nan mai ba ya isowa kafireta.

6/ Na bi tiyo. Ashe ruwan da ke tanki ne ya daskare cikin filta. Na cusa ta a hammata har ta narke, na busa, na mayar. Ja na uku, ya tashi.

7/ Da na ba Baba labari, cewa ya yi: "Da kana gunaguni ai." Baba, na tuba.