Kullen da Ke Wahalar da Mai Biya, Ya Ƙyale Ɓarawo

Bahaushen da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Sabo Yaba a Legas, yawancin kallon da ke sada shi da gida a wayar hannu yake yin sa. Da ita ɗan kasuwa ke kallon fim bayan ya tashi daga shago, da ita uwargida ke bin shiri mai dogon zango. Saboda haka duk wanda ke son sayar wa waɗannan mutane kallo ta intanet, wayar da ke aljihunsu ita ce sinimarsa. Ra'ayina shi ne, kullen da kamfanonin haska fina-finai ke sa wa hajarsu don kare haƙƙin mallaka, muddin ba a auna shi da na'urorin da ke hannun talaka ba, mai gaskiyar da ya biya kuɗi yake wahalarwa, kuma shi ke mayar da shi wurin masu satar fasahar da aka ce ana yaƙa.

Ga yadda abin yake aiki. Fim ɗin da manhaja irin Netflix ke turo wa wayarka a kulle yake zuwa, sai wayar ta nemi mabuɗi daga kamfanin kafin hoto ya bayyana. Wannan tsari shi ake kira DRM, kuma kamfanoni uku ne ke riƙe da manyan makullansa: Google na da Widevine, wanda ya saya a 2010, Apple na da FairPlay, Microsoft kuma PlayReady. Wayoyin Android da suka cika hannayenmu da Widevine suke aiki, shi kuma hawa-hawa ne. A matakin L1, ana buɗe fim ɗin ne a wani keɓantaccen sashe na ƙwaƙwalwar wayar da sauran manhajoji ba sa iya leƙawa, don haka kamfani ke yarda ya turo hoto garau. A matakin L3 babu wannan kariya, sai a rage ingancin hoton, ko da fuskar wayar na iya nuna wanda ya fi shi. Tun 2017 kuma, wayar da Google bai tantance ba, ko wadda aka taɓa mata tushen manhaja, tana iya neman Netflix a Play Store ta rasa.

To, waɗanne na'urori ne a hannun jama'armu? Tecno, Infinix da itel masu sauƙin kuɗi, sai wayoyin hannu da ake saye a Computer Village ta Ikeja, nan kusa da Agege, waɗanda wasunsu an ƙera su ne don kasuwar wata ƙasa. Akwai masu L1 a cikinsu, akwai marasa shi, kuma ba kasafai ake rubuta wannan a jikin kwali ba. Mai saye zai tambayi girman ma'ajiya, ƙarfin batir da kyan kyamara, amma ba wanda zai ce masa uffan kan matakin kulle. Wayar da take da L1 ma tana iya faɗowa L3 idan aka buɗe tushenta wajen yi mata filashin. Haka akwatunan Android marasa tantancewa da ake haɗawa da talabijin, da tsofaffin talabijin ɗin kansu: a ƙarshen 2019 Netflix ya daina aiki a kan wasu tsofaffin talabijin na Samsung da akwatunan Roku, alhali lafiyarsu ƙalau. A Turai, mai irin wannan na'ura sabuwa zai saya. A gidan da aka shekara ana adashi kafin a sayi talabijin, an rufe ƙofa ke nan.

Na san abin da mai shirya fim zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Kannywood ta ɗanɗana kuɗarta a hannun masu satar fasaha. A zamanin kaset da faifai, Ƙofar Wambai a Kano ce cibiyar ciniki, daga nan kaya ke gangarowa har Legas. Da wayoyi suka yawaita, masu tura fina-finai suka cika bakin titi, manhajar Xender ta sa fim ɗaya ya zagaye unguwa cikin yini guda, kasuwar faifai ta durƙushe, furodusoshi da dama suka bar sana'ar. Dandalin Northflix da Kallo.ng da manhajar Arewa24 sun zo ne don mai fim ya ci guminsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu a 2023, ta haramta karya irin wannan kariya. Ban ga laifin ko ɗaya ba. Cin gumin wani ba da yardarsa ba haramun ne, ko a faifai ko a waya. Tambayata ita ce ko kullen yana yin aikin da aka sa shi. A farkon 2019 wani mai binciken tsaron kwamfuta, David Buchanan, ya sanar cewa ya karya L3. Ko ba haka ba, kwafi ɗaya tak ɓarawo yake buƙata, kuma da ya samu ya watsa a Telegram an gama. Kwafinsa yana buɗewa a kowace waya, ba ya tambayar mataki, ba ya ƙarewa. Lamarin ya zama kamar mai shagon da ke cajin kwastoma a bakin ƙofa, ɓarawo kuwa yana kwasar kaya ta taga.

Wani zai ce ai ƙaramar waya ba ta buƙatar hoto mai tsananin kyau, kuma da tsadar data raguwar ingancin ma taimako ne. Da gaskiyarsa, amma zaɓin ya kamata ya kasance a hannun wanda ya biya, ya rage da kansa in ya so. Kuma matsalar ta wuce kyan hoto. Mai ƙarancin data yakan sauke fim da dare lokacin garaɓasa don ya kalla daga baya, sai ya tarar wasu fina-finan na da wa'adi, wani ma awa 48 bayan fara kallo, kuma sabuntawa na buƙatar intanet. Abin da ya sauke a ɗaure yake da wayar, ba ya iya mayar da shi wayar matarsa, in wayar ta lalace kuwa datar da ya ƙona ta tafi. Idan ya kwatanta wannan da mai turi na bakin tasha, wanda zai cika masa memori da 'yan kuɗi kaɗan, ba sai an faɗa mana inda zai nufa ba.

Akwai kuma masu ganin in babu kulle mai tsanani ba wanda zai biya. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 2009 Apple ya cire kulle daga waƙoƙin da yake sayarwa a iTunes, cinikin bai mutu ba. A gida kuma, Labarina da Izzar So sun tara ɗimbin masu kallo a YouTube, har mutane na jiran ranar fitowa su kalla a tashar masu shirin, saboda YouTube yana buɗewa a kusan kowace waya. Gaskiya ne kuɗin tallar da ake samu daga masu kallo a Najeriya bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ake buƙatar dandalin biya. Amma darasin a fili yake: inda halal ta zo da sauƙi, mutanenmu suna bin ta.

Don haka ina kira ga masu dandalin fina-finan Hausa da su gwada manhajarsu a kan wayoyi mafi araha kafin masu tsada, su tsawaita wa'adin abin da aka sauke, su karkata ga ɓoye lambar mai kallo a cikin hoton, yadda za a gano wanda ya fitar da fim ba tare da an hana kowa kallo ba. Masu turi ma a jawo su su zama dillalai masu izini da kasonsu, tunda su ne suka san kwastoma. Kamfanonin waya su rubuta matakin kulle a kwali, hukumar kare masu saye ta FCCPC ta tilasta hakan, domin ɓoye abin da ke rage amfanin kaya nau'i ne na algus. Mai saye ya sauke manhajar DRM Info ya duba kafin ya miƙa kuɗi. Matasanmu masu koyon rubuta manhaja kuwa, ga cibiyar CcHUB nan a titin Herbert Macaulay, cikin Sabo Yaba, wadda Mark Zuckerberg ya ziyarta a 2016. Su shiga irin waɗannan wurare su gina tsarin da ya san wayar talaka, domin wanda ya tsara kulle a Amurka bai yi lissafi da Agege ba. Mai fim yana da haƙƙi a kan guminsa, mai kallo yana da haƙƙi a kan kuɗinsa, kuma Kannywood ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai an kare su biyun tare. Allah ya sa mu dace.