Babur Na Ado Da Babur Na Hawasha

Abin da Hausawan Kano ke kira babur, mu a nan Jazira "motar" muke ce masa, domin a Larabcin Sudan babur injin ban ruwa ne. Amma ko ma da wane suna aka kira shi, shi ne jakin talaka na wannan zamani.

Kwanan baya wani sabon babur ya shigo kasuwar Hasahisa, irin ƙirar Harley-Davidson ta Amurka, ko da yake ba can aka ƙera shi ba. Dogo ne, mazauninsa a ƙasa-ƙasa, kansa mai faɗi, ga ƙarfe sai walƙiya. Na tsaya ina sauraron masu babura. Samari, cikinsu har da tsofaffin ɗalibaina, suka ce ko sarki ya hau shi bai faɗi ba. Wanda ya ɗana shi a kan kwaltar Madani ya ce zaman kamar na kujera ne, baya ba ya ciwo.

Dattawa kuwa ba su dubi fenti ba. Wani ya durƙusa ya auna tsakanin cikinsa da ƙasa da tafin hannu, ya girgiza kai. Wani ya tambaya ina za a ɗaure buhun dawa. Na uku ya ce, in ya lalace, wane bakanike ne ke da kayan gyaransa?

Ni dai ina bayan dattawa. Irin wannan ƙira an yi ta ne don doguwar kwalta miƙaƙƙiya. Mu kuwa tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, hanyoyinmu gaɓar tur'a ne da ƙetaren Abu Ishrin. Ƙasar Jazira baƙar laka ce. Da damina takan like tsakanin taya da murfinta har babur ya ƙi motsi, kuma mai nauyi sai mutum biyu sun ciro shi. Shi ya sa ƙananan babura irin Boxer na kamfanin Bajaj suka karɓu a ƙasashen Afirka: ba nauyi, ba shan mai, ga wurin kaya.

Maganar ba ta wasa ba ce. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba gidaje da yawa da ababen hawansu. Wanda ya dawo gida ya tattara ɗan abin da ya rage masa, sau ɗaya zai yi saye. Babur ɗin nan shi zai kai gyaɗa kasuwa, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ya kai malami makaranta.

Saboda haka, ƙannena, kafin ku biya ku gwada shi a kan hanyar hawasha, da kaya a baya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Allah Ya sa mu dace, amin.